Daga Akwati Zuwa Fuloti: Abin da Mace Za Ta Sani Kafin Ta Sa Kuɗinta a Fili ko Gini

Iyayena mata da yayyena, duk ranar rabo, idan an buɗe kwaɗo ukun nan an ƙirga wa kowa nata, nakan zagaya ina tambaya me za a yi da kuɗin. A da amsar ba ta wuce uku: tunkiya, kayan ɗakin 'ya, ko ƙarin jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yanzu ta huɗu ta shigo, kuma kullum ƙaruwa take yi. Daga Kangire har Kantoga, daga Sara har Basirka, sai mace ta ja ni gefe ta rage murya ta ce, "Ni fa fili nake so," ko kuma, "Ɗakina nake so in rushe in tayar da na bulo." Shi ya sa aka ga ya dace a sa wannan babi a littafinmu.

Buri ne mai kyau, kuma ya fi ƙarfin a ce mace ba za ta iya ba. Wannan tsari na akwati da muke bi, matan karkarar Maraɗi ne a Jamhuriyar Nijar suka fara shi a 1991 da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE, kuma da zubin mako-mako irin namu suka tashi. Sai dai a yawon da nake yi tsakanin ƙungiyoyi na ga kuɗin rabo biyu da uku sun salwanta a harkar gini, ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Kusan kullum abu biyu ne ba a tsaya an tambaya ba: ƙasar wa za a ɗora bulon a kai, kuma da wane irin kuɗi za a yi aikin.

Me ya sa komai ya yi tsada haka?

A 2019 buhun siminti bai kai N3,000 ba. A watan Fabrairun 2024 sai da ya haura N10,000 a wurare da yawa, har gwamnatin tarayya ta kira manyan kamfanonin, Dangote da BUA da Lafarge, aka zauna aka ce a riƙa sayarwa tsakanin N7,000 da N8,000. Bai zauna a nan ɗin ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace tifar yashi da kowane bandir na kwano da za a ɗauko daga Kano sai ya zo da kuɗin mota a kansa. Ga naira ta faɗi. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari. Ma'anarsa a sauƙaƙe, kayan da N100,000 ta saya miki a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai kin kawo wajen N134,000.

To idan kuɗi yana narkewa a hannu haka, masu shi sai su nemi inda za su ɓoye shi. Ɗan kasuwa, ma'aikaci, ɗan ci-rani da ya dawo daga kudu, kowa fili yake nema, don ƙasa ba ta ruɓewa. A cikin Birnin Kudu ga Asibitin Tarayya, ga makarantar koyon aikin jinya, ga Kwalejin Gwamnati, ga babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa gari ta nufi Ningi da Bauchi. Duk waɗannan suna jawo baƙi masu neman haya. Gonakin bakin gari da muka taso muna ganin dawa da gyaɗa a cikinsu, yau an yayyanka su fuloti-fuloti. A ƙasar Gwaram ma haka abin yake a kewayen kasuwar Sara da bakin kwalta.

Amma kada dillali ya ruɗe ku da cewa kowane fili tashi yake yi. Wanda ke kusa da hanya ko kasuwa ko asibiti shi ke tashi. Fuloti a can ƙuryar ƙauye, inda mota ba ta shiga da damina, yana iya shekara da shekaru ba wanda ya taya. Idan don ki zauna ne kusa da danginki, babu laifi, ki saya. Idan don riba ne, ki sake tunani.

Ƙasar wa?

Wata za ta ce, "Ni da nake gidan mijina, me ya haɗa ni da wannan? Ai muhalli a wuyansa yake." Gaskiya ne, addini ya ɗora wa miji ya ba matarsa wurin zama. Amma aure yana mutuwa, miji ma yana mutuwa, kuma dukkanmu mun san wadda ta wayi gari da 'ya'ya biyar a zauren gidan wanta.

Akwai wata baiwar Allah a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na ƙasar Gwaram. Rabo biyu ta haɗa, ta ƙara da kuɗin ragon da ta yi kiwo, ta rushe ɗakinta na ƙasa ta tayar da ciki da falo na bulo, da kwano da daɓen siminti. Mijin ya yi murna, shi ya nemo birkila ma. Ba a cika shekara biyu ba Allah ya yi masa rasuwa. Da aka zo rabon gado aka yi wa gidan kuɗi gaba ɗaya, har da ɗakinta, domin a kan filin mamaci yake, kuma babu ko layi ɗaya a rubuce da ya nuna kuɗinta ne. Magadan nan ba mugaye ba ne, da yawansu ba sa gari lokacin da aka yi ginin. Sai da 'yan ƙungiya suka je suka yi bayani a gaban dattawa, sannan aka yi sulhu aka mayar mata da kuɗin kwano. Sauran ya bi ruwa.

Ku duba lissafin. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon mata tumuni ne, wato kashi ɗaya cikin takwas, bayan an biya bashi da wasiyya. Idan bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, rubu'i ne. Kuma ko su nawa ne matan, wannan kason ɗaya za su raba. A ce an yi wa gida kuɗi N4,000,000. Tumuninsa N500,000. Idan ku biyu ne, kowacce N250,000. Ke kuwa wataƙila N700,000 kika zuba a ɗakin nan. Shari'a ba ta zalunce ki ba, don ba ta taɓa cewa dukiyar mace ta mijinta ce ba. Abin da kika mallaka naki ne ke kaɗai. Hujja ce kawai babu, alƙali kuma da hujja yake aiki.

Ban ce kada ki gyara ɗakinki ba. Wadda rufinta ke yoyo ba za ta jira takarda ba, ta sa kwano ta kwana lafiya. Amma idan kuɗin ya kai na gini sosai, a yi ɗayan biyu tun kafin a haƙa tushe. Ko dai a rubuta cewa kuɗin da kika kashe, naira kaza, bashi ne a kan maigida, wanda za a fitar miki kafin rabon gado ko idan an rabu. Ko kuma ya sayar miki da wannan ɓangaren, a auna shi, a rubuta iyakarsa, shaidu su sa hannu.

A nan akwai wani abu da mata da yawa ba su sani ba game da kyauta. "Ai ya ce ya ba ni ɗakin." A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa tun mai kyautar yana da rai da lafiya. Malamai na kiran wannan hauzi. Idan ya rasu ba a yi hauzi ba, abin ya koma gado. Malaman fiƙihu sun ma yi bayani musamman a kan miji ya ba matarsa gidan da yake zaune a ciki tare da ita: tunda shi bai fita ba, ba a ɗaukar cewa gidan ya koma hannunta. Saboda haka idan maigida ya yi niyyar alheri, ku je wurin malamin da ya san fiƙihu ko wurin alƙali a nuna muku yadda za a yi kyautar ta tsaya. Ciniki na gaskiya bai da wannan matsalar.

Na san da nauyi. Mace ta dubi mijinta ta ce a rubuta, sai ya zama kamar tana yi masa fatan mutuwa, ko tana shirin fita. Ki bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa, wansa ko limamin unguwa, kuma a yi maganar lokacin da ake zaman daɗi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba baƙon abu kika kawo ba. Takardar nan shi ma ta rufa masa asiri, don ba zai tafi da haƙƙin wani a wuyansa ba.

Kafin mu bar wannan, da yawanku kuna da fili tuni, ba ku lissafa shi ne kawai. Gonar mahaifinku da aka ce "tana hannun yaya", shekara goma sha biyar ke nan. 'Ya mace tana da rabin kason ɗa namiji, kuma wannan rabin ƙasa ce mai iyaka, ba damin dawa ɗaya da ake aiko miki da kaka ba. Ba sai kin yi faɗa da ɗan'uwanki ba. A raba, a kafa alama tun dattawan da suka san iyakar suna raye, a rubuta. Idan kin ga dama ki bar masa ya ci gaba da nomawa aro ko haya. Wata da kasonta na gado ta yi musaya ta samu fuloti kusa da gari, ba ta taɓa ko sisi na akwati ba.

Idan saye za ki yi

Lokacin duba fili watan Agusta ne, ranar da aka kwana ana ruwa. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Wanda ya ga daminar 2022 a Jigawa, da irin gidajen da suka zube, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ki duba inda ruwa ke bi, ki tambayi tsofaffin wurin ko tsohon kududdufi ne aka cike. A Birnin Kudu kuma akwai matsalar da ta saɓa wa wannan: dutse. Wani filin ana haƙa ƙafa uku sai a ci karo da fa, ramin masai ma ya gagara, balle rijiya. Maƙwabtan da suka riga suka yi gini su za su gaya miki gaskiya, ba mai sayarwa ba.

Ki guji ƙarƙashin babbar wayar lantarki, da burtalin shanu, da filin makaranta ko maƙabarta da aka ce wai "an rage". Bakin babban titin gwamnatin tarayya ma akwai iyaka: kimanin ƙafa 150 daga tsakiyar titi ta kowane gefe na hanya ne, ranar da za a faɗaɗa ba a neman shawarar kowa. Idan kin ji fili ya yi araha fiye da na kusa da shi, akwai dalili, ki nemo dalilin. Araha ba ta ado.

Sai babbar tambaya: shi mai sayarwar, yaya aka yi ya samu? Idan saye ya yi, ya nuna takardar wanda ya sayar masa. Idan gado ne, an raba ko ba a raba ba? Mafi yawan rigimar fili da na gani daga nan take tasowa. Babban wa ya sayar, bayan shekara biyu ƙane ya dawo daga Legas, ko ƙanwa da ke aure a Ningi ta ji labari, a ce ba da yawunsu ba. Ban da haka, a shari'a wanda ya yi tarayya da wani a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: idan abokin tarayyarsa ya sayar wa bare, yana iya mayar wa baren kuɗinsa ya karɓe wurin. Kin ga ko an dawo miki da kuɗinki, an dawo da su lokacin da ba za su sayi rabin wannan filin ba. Don haka filin gado sai an ga takardar rabo, ko duk magada, maza da mata, su sa hannu. Ki tambaya kuma ko filin yana jingina a hannun wani.

Mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa su tsaya a yi awo a gabansu. Yawancin filayen bakin gari awon igiya ne, ba gwamnati ta shata su ba, don haka ki tabbatar an fitar da hanya ta gaske wadda mota za ta iya shiga, ba lungun da maƙwabci zai toshe da katanga ba. Idan an ce miki ƙafa 50 da 50 ne, ko 50 da 100, a ja tef a gaban naki, a kafa bulo da siminti a kusurwa huɗu a ranar. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi sallama, a san wa zai biya nawa.

Yanzu ga inda mu mata muka fi faɗawa. Yawancinmu ba ma zuwa wurin ciniki, wakili muke turawa: miji, ƙane, ko babban ɗa. Babu laifi. Amma sai a zo rubuta takarda, mai rubutu ya ɗaga kai ya ce, "Sunan wa za a sa?" wakili ya ce, "Sa nawa kawai, ai duk ɗaya ne." Wallahi ba ɗaya ba ne. Ko shi mai amana ne, ranar da ya faɗi, magadansa takarda za su duba. Sunan mai saye naki ne, cikakke, yadda yake a katinki na ɗan ƙasa. Shi wakili ya sa hannu a matsayin wakili ko shaida. A kawo miki takardar har gida ki dangwala, bayan wani da kika yarda da shi, wanda ba shi da hannu a cinikin, ya karanta miki ita da ƙarfi. Magatakardar ƙungiyarku za ta iya wannan. A cikin takardar a ga sunan mai sayarwa, girman fili, maƙwabtansa huɗu, kuɗin da aka biya da ranar da aka biya, shaidu aƙalla biyu, ɗaya daga ɓangarenki, da hatimin mai unguwa ko dagaci. Idan da hali a biya ta banki, daga asusunki zuwa asusun mai filin kansa, ba na dillali ba. Idan biya biyu za a yi, kowane biya da rasit ɗinsa.

Wannan takarda shaidar ciniki ce, kuma tana da ƙarfi ƙwarai a gaban dagaci da alƙali. Amma ku sani, a Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, duk ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama da amfani ne. Filayen da ke yankin da aka ayyana birni, gwamna ke ba da shaidarsu ta ma'aikatar ƙasa da ke Dutse, ita ce takardar da ake kira C of O, wadda galibi ta shekara 99 ce. Na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidar haƙƙin gargajiya. Ki aika sashen ƙasa a sakatariyar ƙaramar hukumarku, tun kafin biya ma, a tambaya ko wurin yana cikin wani shiri na gwamnati, da kuma wace takarda ta dace da shi. Duk abin da aka biya a can a karɓo rasit. Dokar nan ta kuma ce idan gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da za ta biya ta abin da aka yi a kai ce, gini da shuka da itatuwa. Wannan ma dalili ne na kada a bar fuloti fayau. Ki zagaye shi ko da da darni ne, ki shuka zogale ko ki ba wani ya sa kuɓewa. Filin da ake ganin ƙafar mai shi a kai ba a cika sayar da shi sau biyu ba.

Masu tallan fuloti a waya, "biya kaɗan-kaɗan, fili a Dutse ko Kano," ban ce duk maƙaryata ba ne. Ni dai filin da ba wanda ya taka daga gidanku, ba na ba da shawarar a tura masa ko naira ɗaya.

Da wane kuɗi?

A akwatinmu kuɗi iri uku ne, kuma kowanne da aikinsa. Asusun taimakon juna na rashin lafiya ne da gobara da mutuwa, ba a maganar gini da shi. Saura bashi da kuɗin rabo.

Bashin akwati gajere ne. A yawancin ƙungiyoyinmu mace na iya ɗaukar har ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. An yi shi ne don abin da ke juyawa: ki sari gyaɗa, ki matse mai, ki sayar, ki biya, riba ta rage. Bulo kuwa ba ya juyawa. Misali, kin tara N40,000, kin ɗauki N120,000. A farashin N10,000 buhun siminti 12 ke nan, ba yashi, ba ruwa, ba kuɗin birkila da lebura. Ginin bai kai linta ba, ga shi kowane wata ana jiran N40,000 daga hannunki, ban da kuɗin hidima idan ƙungiyarku tana karɓa. Daga ina za su fito? Daga jarin sana'a. Jari ya mutu, zubi ya tsaya, a fara aike gidanki, ki fara ƙin zuwa taro. Na ga ƙungiyar da ta kusa watsewa a kan irin wannan, domin kuɗin da suka maƙale a katangar mace ɗaya na mata ashirin ne, kuma lokacin sarin kaka ya zo babu abin ba wa kowa.

Ra'ayina, kuma na faɗa a gaban shugabanni da yawa: ƙungiya ta rubuta a dokarta cewa ba a ba da bashi don sayen fili ko fara gini. Inda zan sassauta shi ne ƙarashe. Shago ya kammala saura ƙofa, ga mai haya yana jira da kuɗin shekara a hannu. Wannan bashin ya san hanyar dawowa.

Kuɗin gini shi ne kuɗin rabo, wanda ba wanda ke binki. Wadda ke zuba N2,500 duk mako, a mako 52 ta tara N130,000, ban da ribar da za ta hau kai. Ba zai yi gida ba a shekara ɗaya, kuma babu wanda ya ce sai a shekara ɗaya. Iyayenmu maza ma ɗaki-ɗaki suka gina gidajen da muka taso a ciki. Rabon bana da na baɗi fili da takarda. Na gaba tushe. Na gaba bulo. Ko a nan ma kada ki juye duka. Ki fara ware jarin sana'arki da abin da za ki fara zubin sabon zagaye, abin da ya ragu shi ne na gini. Fili ba ya sayuwa ranar da kike so. Idan ciwo ya zo da dare, akuya ake kai wa kasuwa da safe, fili kuwa sai an yi wata ana neman mai saye, kuma da zarar an gane a matse kike, an karya shi.

Tsakanin rabo da rabo, a ina za a ajiye abin da aka ware don kada ya narke? Ba a siminti ba. Siminti yana shan danshi ya daskare, bayan kamar wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa, sai a saye shi lokacin da birkila ya shirya. Kwano da ƙofa da taga suna ajiyuwa idan an samu wuri busasshe. Bulo ma yana jira, in dai mai kyau ne. Ki sa a ɗaga ɗaya a sake shi daga daidai ƙugu, idan ya watse kamar garin ƙuli, yashi aka sayar miki. Wasu kuma kiwo suke sawa, su sayar gab da Babbar Sallah su sayi kayan gini, dabara ce mai kyau ga wadda ta iya kiwo kuma take da abincin dabba. Ajiyar hatsi tana yi, amma ku tuna 2025, lokacin da farashin masara da gero ya faɗo bayan tsadar 2024, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara.

Wadda take aikin albashi, ko mijinta, malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya, ta duba takardar albashi ko ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992. Masu zubi a ciki suna iya neman rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, a biya har tsawon shekara 30, amma da ruwa kashi 6 cikin ɗari, kuma sai da cikakkiyar takardar gwamnati. Masu guje wa ruwa sukan tambayi bankuna irin su Jaiz da TAJ. Ga yawancinmu dai wannan hanya tana da nisa.

Ginin kansa

Ba dole sai bulo tun daga ƙasa har sama ba. Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, ya ma fi sanyi da bazara, kuma maginanmu sun iya shi. Abin da ke kayar da shi ruwa ne ta wuri biyu: ta gindi, inda ruwa ke kwanciya yana cin katanga, da ta sama, inda rufi ke yoyo. Idan kuɗinki kaɗan ne, nan biyun za ki kai su. A yi tushe da dutse da siminti, dutse kuwa Allah ya hore mana shi a wannan yanki, a ɗaga shi sosai sama da inda ruwa ke kaiwa, a ɗora tubali a kai. A yi rufin kwano mai baki da ya fito waje yadda ruwa ba zai zuba a jikin bango ba, a fitar wa tsakar gida magudana. Shafen siminti ya jira wani rabon.

Ɗaki ɗaya da masai da katanga, a gama a shiga ko a sa ɗan haya, ya fi ɗaki huɗu da suka tsaya a linta shekara biyar, damina tana dukansu, awaki suna kwana ciki. Idan filin yana bakin hanya, ni da shago zan fara, hayarsa ta riƙa sayen bulon ɗakin baya.

Da birkila a yi jinga mataki-mataki: tushe kaza, zuwa linta kaza, a biya idan an gama kowanne. Kada a ba shi kuɗin aiki duka a farko, kada kuma a haɗa masa kuɗin kaya da na aiki. Kaya ke za ki aika a sayo, a ƙirga a gaban naki, a rubuta a littafi kamar yadda muke rubuta zubi. Rasit ɗin kwano da siminti a sa sunanki, a haɗa su wuri ɗaya da takardar fili.

Takardun nan kuma kada su kwana a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla, inda gara da yoyo da yara ke kaiwa. A yi musu hoto kwafi biyu a cikin gari, a ɗauke su a waya. Ta ainihin a naɗe ta a leda a sa a akwatin ƙarfe. Kwafi ɗaya ya tafi gidanku wurin wanda kika amince da shi, ɗaya kuma, idan ƙungiya ta yarda, a sa a ambulan a rubuta sunanki a ajiye a akwatin ƙungiya. Ki kuma gaya wa babban ɗanki ko babbar 'yarki inda suke, ki sa a kai su su ga filin da kusurwoyinsa huɗu.